Ka jinkirta maganar gidan nan

Ƙanena,

Ya sanyin Bronx? Hajiya ta kira ni tana ta murna, wai ka ce mata bana za ka bar haya. Ni ma na taya ka murna. Amma da na ga takardun da ka turo, makinka na FICO bai kai 580 ba, ga katunan bashi duk sun cika, sai na ce gara in zauna in rubuto maka, don a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance.

Shawarata ita ce ka ɗaga sayen gidan da shekara guda, ko ɗaya da rabi.

Makin FICO, wanda masu ba da bashi ke auna amincinka da shi, daga 300 yake tashi zuwa 850. A tsarin bashin gida na FHA na gwamnati, wanda ya kai 580 kashi 3.5 cikin 100 zai ajiye kafin alƙalami, wanda ke tsakanin 500 da 579 kuwa kashi 10 za a nema a hannunsa. Na san za ka ce ba ruwanka da bankin riba, wurin kamfanonin Musulunci irin su Guidance Residential za ka nufa. Madalla, nan ɗin nake so maka. Sai dai su ma rahoton bashinka za su buɗe kafin su yarda su yi tarayya da kai, domin mai haɗa kuɗinsa da naka dole ya so sanin yadda kake biyan mutane.

Ka fara da karɓo rahotonka daga Equifax da Experian da TransUnion, kyauta ne a shafin AnnualCreditReport. Ka bi shi layi-layi. Mu da sunayenmu ke kama da juna, Muhammadu da Abubakar cike da unguwa ɗaya, ba wuya a liƙa maka bashin wani. Duk abin da ba naka ba ka rubuta musu ƙorafi, doka ta ba su kwana 30 su bincika. Wanda yake naka da gaske kuwa, jinkirin biya shekara 7 yake yi a rubuce, ba mai goge shi. Masu tallar gyaran rahoton bashi a WhatsApp kada ka ba su ko sisi. Tun 1996 doka ta hana su karɓar kuɗi kafin su gama aiki, kuma wasiƙar da za su rubuta kai ma za ka iya.

Kashi 35 na makin daga biya a kan lokaci yake zuwa, kashi 30 daga yawan abin da ake bin ka. Ka sa banki ya riƙa cire mafi ƙarancin biya na kowane kati da kansa, sauran kuɗin ka tara su kan katin da ya fi tsadar ruwa har ya mutu, sannan na gaba. Tsohon katinka kada ka rufe shi ko ka gama biya, daɗewarsa tana yi maka amfani.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ban ga laifinka ba. Amma na duba, yawancin naka ba kai ka ci ba. Ginin da ka soma a Kano ne, da bikin wance, da sunan wane. Kana tura albashinka gida, kai kuma kana cefane da kati mai ruwan da ya haura kashi 20 a shekara. Wato kowane buhun siminti da bashin riba kake sayensa, ribar da kake gudu a wajen gida. Ka tsayar da ginin. Bulo ba ya ruɓewa. Kuma ka iya cewa "ba ni da hali yanzu" ba tare da jin kunya ba, waɗanda ke ƙaunarka za su fahimta.

Motar abokinka da ka sa hannu ka tsaya masa, a idon banki bashinka ce. Za su haɗa ta da sauran, su auna da abin da kake samu a wata, kuma yawanci ba sa son jimillar, har da biyan gidan, ta wuce kashi 43. In ya yi jinkiri sau ɗaya, sunanka ne zai ɓaci tare da nasa. Ka lallaɓa shi ya mayar da bashin sunansa shi kaɗai.

Sai adashi. Abin takaici ne a ce duk zubin da ka yi ba fashi, FICO bai san da shi ba. In kwasarka ta zo, ka kashe kati da ita. Wadda za ka tara don gida kuma ka sa ta a banki da wuri, domin za su nemi takardun asusu na wata biyu, kuma tsabar kuɗi masu yawa da suka faɗo rana ɗaya sai ka yi bayanin tushensu da takarda.

Cefanen Hajiya da maganinta ka bar mini su har ka fita daga wannan, ni zan yi mata bayani yadda ba za ta damu ba. In rahotannin sun zo ka turo mini mu duba tare ranar Lahadi. Ka gaida mini matarka da yara.

Taka,
Yayarka