Anne Wiazemsky: ta bar silima, ta kama alƙalami

Duk wanda ya taɓa kallon Au hasard Balthazar, fim ɗin da Bafaranshe Robert Bresson ya fitar cikin shekara ta 1966, da wuya ya mance da jakin nan mai wucewa daga hannun wannan ubangida zuwa na wancan, da kuma Marie, yarinya mai ƙarancin magana da ta shaƙu da shi. Anne Wiazemsky ce ta fito a Marie. Shekararta 18 lokacin da aka ɗauki fim ɗin, kuma ba ta taɓa koyon wasa ba. Ƴar babban gida ce: an haife ta a Barlin cikin 1947, mahaifinta jinin sarautar Rasha ne, kakanta na wajen uwa kuwa shi ne François Mauriac, marubucin da ya samu kyautar Nobel cikin 1952.

Rashin ƙwarewar nan tata ita Bresson yake nema. Ba ya son gogaggun ƴan wasa. Mutum zai yi ta maimaita magana ɗaya har murya ta bushe, babu kuka babu dariya, ya aza hannu inda aka ce ya aza, ya sunkuyar da kai sa'ad da aka ce. Abin da ya fito ya yi kyau ƙwarai, wannan babu gardama. Amma in aka dubi al'amarin da idon ɗan kasuwa, ita haja ce a rumfar wani.

Cikin 1967 Jean-Luc Godard ya sa ta a La Chinoise, inda ta fito a ɗalibar jami'a mai bin aƙidar Mao, kuma ya aure ta cikin wannan shekara, yana girme ta da kusan shekara 17. Pasolini na Italiya ya ɗauke ta a Teorema cikin 1968. Ke nan tun ba ta cika 22 ba ta yi aiki da uku daga cikin manyan masu shirya fim na Turai. Auren ya mutu a hukumance cikin 1979, ita kuwa ta ci gaba da wasa har shekarun 1980.

Cikin 1988, tana da shekara 41, gidan ɗab'i na Gallimard ya buga littafinta na farko, Des filles bien élevées, tarin gajerun labarai. Mai zargi yana iya cewa jikar Mauriac ba ta rasa mai buɗe mata ƙofa, kuma zancensa ba ya rasa ƙamshin gaskiya. Sai dai ɗaliban lise, waɗanda ba su da bashin kowa a wuyansu, su suka zaɓi Canines suka ba shi kyautar Goncourt tasu cikin 1993. Labari ne na wata ƴar wasa a hannun mai shirya wasan da ba ya sassauci. Cikin 1998 kuma Académie française ta ba ta babbar kyautarta saboda Une poignée de gens, labarin wasu masu sarauta na Rasha a lokacin juyin juya halin 1917.

Abin lura shi ne irin jinkirin da ta yi kafin ta taɓa mazan da suka yi mata suna. Sai cikin 2007, shekara 8 bayan mutuwar Bresson, ta fitar da Jeune fille. A ciki ga dattijo mai shekara sittin da wani abu, ya ajiye yarinya a ɗaki kusa da nasa, yana kishin duk wanda ya kusance ta, yana neman sumbatarta tana kaucewa. Wata da ta mai da littafin kotu. Ita ba ta ɓoye abin da ya yi ba, ba ta kuma hana shi haƙƙinsa na wanda ya nuna mata abin da za ta iya ba. A bangon littafin an rubuta cewa ƙagaggen labari ne, alhali sunayen na gaskiya ne. Wannan ba wayon ɓuya ba ne. Ikon da Bresson ya riƙe a kanta cikin 1965, na zaɓen abin da za a gani da abin da za a yanke, shi ta karɓa, kuma ta yi aiki da shi da adalcin da ya fi nasa.

Godard kuwa yana raye ta rubuta shi, cikin Une année studieuse na 2012 da Un an après na 2015: miji mai ban dariya, mai kishi, wanda boren ɗalibai na watan Mayu 1968 ya ɗauke wa hankali har gidansa ya fara tsagewa.

Wannan littafi na biyu shi Michel Hazanavicius ya mai da fim, aka nuna shi a bikin Cannes cikin Mayu 2017. Stacy Martin ce ta fito a Anne, Louis Garrel ya fito a Godard, kuma rabo mafi tsoka na fim ɗin a wajen mijin ya faɗa. An sauya masa suna zuwa Le Redoutable. Anne Wiazemsky ta rasu a birnin Paris ran 5 ga Oktoba na wannan shekara, tana da shekara 70.