Malamin da Bai Ɗaga Kai Ba

Na daɗe ina koyar da kimiyya a firamare, kuma a lokacin gani nake babu kamata. Sunayen duniyoyin da ke zagaye rana hadda nake sa yara su yi, wanda ya tsallake ɗaya ya miƙo hannu ya sha bulala. Ko da masana suka cire Pluto a 2006, duniyoyi suka koma takwas, ni tara na ci gaba da koyarwa, don tsohon littafina bai samu labari ba.

Wata rana bayan magariba an ɗauke wuta, muna shan iska a tsakar gida, sai 'yata ta nuna yamma ta ce, "Baba, wancan mai hasken meye sunansa?" Na duba, na rasa. Don kada girma ya faɗi na ce, "Tauraro ne mana, tashi ki ci tuwonki."

Daga kan tabarma mahaifiyata, wadda ko ƙofar aji ba ta taɓa leƙawa ba, ta ce, "Zara ce, matar wata." Ta kuma nuna mata Kaza da 'ya'yanta, ta ce idan suka daina fitowa da dare to damina ta ƙarato.

Kunya ta gaske sai daga baya ta zo. Da na bincika, ashe Zara ita ce Venus, ta biyu a jerin da nake dukan 'ya'yan mutane a kansa. Ita ce kuma Gamzaki idan ta fito da asuba. Hasken ma ba nata ba ne, na rana ne. Tun 1610 Galileo ya hango ta da ɗan madubin hangen nesa tana cika tana raguwa yadda wata ke yi. Kullum tana saman gidana, ni kuwa a allo kaɗai na san ta.

A nan na gane ba ilimi nake karewa da tsawa ba, jahilcina nake rufewa. Yaron da aka kora da "tashi ki ci tuwo" sau biyu, ba zai ƙara tambaya ba.

Yanzu kafin in rubuta komai a allo, nakan ce wa ɗalibaina su leƙa sama da daddare, su tambayi kakanninsu sunayen taurari, gobe su kawo mini. Wasu sunayen ni ma a bakinsu nake fara ji, kuma ban ƙara ɓoye musu hakan ba.