Kwabon da Ba a Buga Ba

A 1995 Ingila ta buga tsabar fam biyu mai hoton kurciya, don cika shekara 50 da ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu.

A Lolo da Tsamiya, can bakin iyakar Benin, kullum naira da sefa na sauya hannu, amma babu ɗayansu mai ɗauke da labarin 'yan Arewa da suka yi wannan yaƙi a dazukan Bama cikin runduna ta 81 da ta 82. Abin da ya rage na zamanin sai kwabo mai huda, a ƙasan adakar kaka.

A ganina waɗannan sojoji sun cancanci ƙarfe na kansu, wanda yaro zai juya a tafin hannu ya tambayi ko su wane ne. Jawabin ranar tunawa da sojoji ta 15 ga Janairu kaɗai bai wadatar ba.