Daga Alƙahira Zuwa Kef Tawun A Kan Keke: Matambayi Ba Ya Ɓata

Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, yawo za mu tafi, kuma a kan keke. Kada ku yi dariya, keken nan dai da ake aiken yaro cefane a kansa, shi wasu bayin Allah, maza da mata, suke hawa su ratsa nahiyar Afirka tun daga samanta har ƙasanta.

Sunan tafiyar Tour d'Afrique. Wani kamfani ne da ke birnin Toronto na ƙasar Kanada yake shirya ta, wanda wani mutum mai suna Henry Gold ya kafa. A watan Janairun 2003 aka fara, inda mahaya talatin da 'yan kai suka tashi daga gindin dalar Giza a Alƙahira suka nufi Kef Tawun a Afirka ta Kudu. A shekarun baya nisan ya kai wajen kilomita 12,000, ana shafe wata huɗu cur a hanya, kuma a yawancin waɗannan shekaru ƙasa goma aka riƙa ratsawa: Masar, Sudan, Habasha, Kenya, Tanzaniya, Malawi, Zambiya, Botsuwana, Namibiya da Afirka ta Kudu. A kullum sukan ci wajen kilomita 120, wato ke nan a kwana biyu sun yi Kano zuwa Kaduna, sai bayan 'yan kwanaki a ba su hutun kwana ɗaya su yi wanki su duba kekunansu.

To, abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan tafiya shi ne yadda mahayi yake sanin hanya. Domin kuwa ba a jere suke tafiya kamar tumaki ba, kowa da ƙarfin ƙafarsa. Mai sauri ya isa zango tun da hantsi, mai nawa kuma sai la'asar sakaliya, kuma sau da yawa mace za ta yi awa biyu tana tuƙa feda ba ta hangen kowa a gabanta ko bayanta. Idan ta saki hanya a tsakiyar rairayi da gorar ruwa biyu kacal, ai kun ga zance ya wuce wasa.

Tun kafin a tashi, masu shirya tafiyar sukan fitar da jadawali mai ɗauke da ranar tashi, da ranar isa kowane babban gari, da ranakun hutu. A da sun kasa hanyar kashi takwas domin wanda ba shi da halin yin wata huɗu ya zaɓi kashi ɗaya ko biyu. Da wannan jadawali ne mutum zai nemi biza, ya yi allurar rigakafin shawara, ya tanadi maganin zazzaɓin cizon sauro, ya kuma san irin tayar da zai saya, tunda tayar da ta dace da kwalta ba ita ce ta dace da burji ba. Amma jadawali kanun labari ne kawai. Ainihin bayanin hanya kullum ake ba da shi.

Da yamma idan kowa ya kafa tantinsa, kafin a zuba abinci, sai a taru a gaban wani farin allo da ake jinginawa a jikin babbar mota. A nan jagoran tafiya yake rubuta hanyar gobe dalla-dalla: a kilomita kaza a karya dama, a kilomita kaza akwai gada, a kilomita kaza motar abincin rana za ta tsaya, ga inda za a sami shagon lemo, ga inda ba ruwa sam. Kowa sai ya kwafe a 'yar takarda ya maƙale a kan kekensa, kamar dai yadda muke kwafar darasi a aji. Da asuba kuma mota takan riga kowa fita tana ɗaura ƙyalle ruwan goro a jikin bishiya ko turken alama a duk mararrabar da za a juya. Can baya kuma akwai ma'aikaci guda da ba ya wuce kowa, aikinsa shi ne ya tabbatar ba a bar wani a daji da faci ko ciwo ba. Daga baya an samu na'urar nuna hanya mai aiki da tauraron ɗan'adam, ana zuba taswirar a waya, amma duk da haka mai hankali ba ya raina takarda, domin takarda ba ta mutuwar batir.

Bari mu bi su a kan taswira, yadda hanyar take a shekarun da ake bin ta a miƙe. Daga Alƙahira sukan gangara gaɓar Bahar Maliya inda iska ke tura su ta baya, sannan su haura tsaunuka su dawo bakin kogin Nilu, su bi ta Luksor zuwa Asuwan. A nan hanya takan ƙare a da, saboda tafkin Nasir da babbar madatsar Asuwan ta haifar. Dole a loda kekuna a jirgin ruwa mai tashi sau ɗaya a mako zuwa Wadi Halfa a Sudan, a kwana a kan ruwa cikin cunkoson fasinja da buhuna. Kun ga wanda bai san ranar jirgi ba ya yi asarar mako guda. A shekarar 2014 aka buɗe iyakar mota tsakanin ƙasashen biyu, sai lissafi ya sake.

Daga Wadi Halfa zuwa Dungula ƙasar Nubawa ce, rairayi da duwatsu da gonakin dabino a bakin Nilu. Kafin a shimfiɗa kwalta, gargadar wannan hanya takan sa hannun mahayi ya mutu. A nan babbar tambaya ita ce ruwa. Mutanen Sudan suna da wata kyakkyawar al'ada ta ajiye randuna a inuwa bakin hanya domin matafiya su sha kyauta, sadaka mai gudana, kuma mahaya da yawa sun sha albarkacinta. Daga nan sai Hartum, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa, sai Wad Madani, sai Gadarif, sai iyakar Habasha a Gallabat.

A wannan yanki dole in tsaya, domin akwai danginmu a wurin. Tun kafin a san jirgin alhazai, kakanninmu a ƙasa suke tafiya aikin hajji, su bi ta Barno da Cadi da Darfur su nufi gaɓar Bahar Maliya, wasu su yi shekaru a hanya suna noma suna tara guzuri, wasu kuma zama ya kama su. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'arsa gabas har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da ake kira Mai Wurno. Hausawa suna da yawa a Gadarif da kewayenta. Su waɗancan matafiya ba su da allo ba su da taswira, madugu da jagaba su ne taswirarsu, sannan a kowane zango sai sun tambayi masu dawowa: ina rijiya ta gaba? Kwana nawa? Hanya lafiya? Ku duba da kyau, tambayoyin nan uku su ne dai ake amsawa a farin allon masu keke.

Da an shiga Habasha sai tambaya ta koma ta tudu. Daga Metema zuwa Gondar hawa ne kamar za a taɓo sama. Gaba kuma akwai kwazazzabon Shuɗin Nilu, inda hanya ke gangarawa tana murɗe-murɗe har bakin gada, sannan ta sake haurawa fiye da mita 1,000 a cikin tafiyar wajen kilomita 20. Wadda ta duba nisa kaɗai ta ce ai yau tafiyar kaɗan ce, to za ta yaba wa aya zaƙinta, domin kilomita 20 na hawa ya fi 60 na shimfiɗaɗɗiyar ƙasa cin rai. Shi ya sa bayanin hanya na ƙwarai yake faɗin yawan hawan da za a yi, ba nisa kawai ba. Birnin Adis Ababa kansa yana sama da mita 2,300 daga teku, ga sanyi ga ƙarancin numfashi ga baƙo.

Daga Moyale a iyakar Kenya zuwa Marsabit da Isiyolo, a da hanya ce ta baƙaƙen duwatsun aman wuta masu yaga taya, wadda mahaya suka fi tsoro a duk tafiyar, yanzu kuwa an yi mata kwalta. A Nanyuki ake tsallake layin nan da ya raba duniya gida biyu, wanda muka karanta a darasin labarin ƙasa. Daga Nairobi sai Arusha a Tanzaniya, inda ake tarar da damina da taɓo, sai gaɓar tafkin Malawi, sai Lusaka, sai magangarar ruwa ta Biktoriya a kan kogin Zambezi, wadda mutanen wurin ke kira hayaƙi mai tsawa. A Botsuwana akwai kashin da suka sa wa suna hanyar giwaye, domin da gaske giwa takan fito bakin titi, kuma a allo akan rubuta gargaɗin kada a matsa kusa da ita. A wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce ake yin rana mafi tsawo, wadda ta haura kilomita 200. Sai rairayin Namibiya, sai a tsallake kogin Oranj a shiga Afirka ta Kudu, a watan Mayu a hango dutsen nan mai kama da tebur a bayan Kef Tawun.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Duk wannan hanya da na zayyana muku, ba kowace shekara take buɗe ba. A 2008 rikicin bayan zaɓe ya sa aka tsallake Kenya. A 2014 daga Hartum aka tashi saboda halin da Masar take ciki. A 2020 annobar korona ta tsayar da tafiye-tafiyen duniya, kuma a ƙarshen shekarar yaƙi ya ɓarke a arewacin Habasha. Sai kuma 15 ga Afrilun 2023, ranar da yaƙi ya tashi a Hartum, wanda ya raba miliyoyin mutane da gidajensu, har da 'yan'uwanmu Hausawan can, Allah ya kawo musu sauƙi. Garuruwan da mahaya suke tsayawa shan shayi sun zama fagen daga. Wadda ta ɗauko labarin wani matafiyi na 2010 a intanet ta ce shi za ta bi, ta ɗauko wa kanta bala'i. Bayanin hanya yana tsufa kamar yadda miya take kwana ta lalace, don haka abu na farko da ake dubawa a jikinsa shi ne kwanan wata, na biyu kuma wa ya faɗa, shi mai shirya tafiyar ne da ya bi hanyar bana, ko kuwa ji-ta-ji-ta ce.

Na san a cikinku da wuya a sami wadda za ta hau keke zuwa Kef Tawun, amma kowaccenmu matafiya ce. Wata za ta tafi makarantar kwana a wata jiha, wata jami'a, wata za a kai ta gidan miji a garin da ba ta taɓa zuwa ba, wata kuma za a zo a yi mata daɗin baki da aiki a ƙasar waje a ce ke dai shigo mota kawai. Ƙanwata, kada kunya ta hana ki tambaya. Ta ina za a bi? A ina za a kwana? Wa zai tarbe mu? Wa ya bi hanyar kwanan nan? Ki rubuta a takarda, ki bar kwafi a hannun Umma ko Yaya. Duk wanda ya ce zai kai ki wuri amma ya ƙi faɗa miki hanya, ki ji tsoronsa. Mutanen da suke biyan kuɗinsu su ratsa Afirka ma kowace yamma sai sun tsaya gaban allo da biro a hannu, balle mu.

Ku ɗauko taswirar Afirka ta makaranta ku bi garuruwan nan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, za ku ga darasin ya zauna. Allah ya kiyaye mana hanyoyinmu, ya kai kowa gida lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.