Littafin da Sista take saye duk wata

 Yau ba maganar kuɗin ƙungiya ko ta kasuwa na zo da ita ba, wani abu ne da ya daɗe yana yi mini yawo a rai.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina da 'yar tireda a Anacha, kusa da wani gidan sistocin Katolika, matan nan da suka haƙura da aure da dukiya suka ba da rayuwarsu ga ibada da hidimar coci. A cikinsu akwai wata dattijuwa da duk farkon wata sai ta zo ta sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta da bairo biyu. Ba koyarwa take yi ba, ba kuma ita ke riƙe da lissafin gidan ba. Ran nan na kasa haƙuri na ce, "Sista, wai jarrabawa za ki zauna ne?" Ta yi dariya ta ce, "Malam, kullum da dare nake zama, kuma yawanci faɗuwa nake yi."

Ashe kowane dare, bayan addu'arsu ta ƙarshe, takan ɗauki kamar minti goma sha biyar tana rubuta abin da ya kamata ta gode wa Allah a kansa a wannan yini, da inda ƙafarta ta zame, da abin da take roƙo na gobe. Ta ce a wurinta wannan rubutu yana cikin addu'a. Da ta ga ina yawan tambaya sai ta riƙa aro mini littattafai, ni kuma ina lallaɓawa da ɗan Turancin sakandarena idan kasuwa ta yi sanyi.

A nan na gane abin yana da tushe mai nisa. Akwai wani sojan Sifaniya, Ignatiyus na Loyola, wanda harsashin igwa ya farfasa wa ƙafa a yaƙin Pamplona a 1521. Yana kwance yana jinya ya fara kwafar abin da ya taɓa masa zuciya a wani littafi, maganar Yesu da jan tawada, ta Maryamu da shuɗiya. Shi ne daga baya ya kafa ƙungiyar limaman Jesuit, wadda Fafaroma ya amince da ita a 1540. Dabarar da ya koyar mai sauƙi ce. Mutum ya zaɓi aibi guda ɗaya tak da yake so ya rabu da shi, ya ja layuka a takarda. Bayan abincin rana ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan duk faɗawar da ya yi tun safe, bayan abincin dare ya sake. Sai ya gwada yau da jiya, wannan mako da wancan. Duk ɗan kasuwa zai gane wannan, littafin bashi ne, illa dai mai rubutawa shi ne wanda ake bi.

Abin da ya fi ba ni mamaki, da yawa daga cikin manyan marubutansu ba don ra'ayin kansu suka ɗauki alƙalami ba. Cikin alkawuran da suke ɗauka akwai na biyayya ga shugaba, to idan shugaba ya ce rubuta, sai a rubuta. Tereza ta garin Lisieux a Faransa ta shiga gidan ibada tana da shekara 15. A farkon 1895 shugabar gidan, wadda yayarta ce ciki ɗaya, ta umarce ta da ta rubuta abin da take tunawa na ƙuruciya. A littafin 'yan makaranta ta rubuta, irin wanda nake sayarwa. Da ta gama bayan shekara guda ta miƙa, yayar ta ajiye, aka yi watanni ba ta buɗe ba, ita kuma Tereza ba ta tambaya ba. Kashi na ƙarshe da fensir ta ƙarasa shi, don tarin fuka ya ci ƙarfinta. Ta rasu a watan Satumban 1897 tana da shekara 24. Shekarar da ta biyo aka buga rubutun, kwafi 2,000, bayan yayar ta yi masa dubban gyare-gyare. Sai a 1956 jama'a suka ga ainihin abin da hannunta ya rubuta.

Wanda labarinsa ya fi tsaya mini shi ne Thomas Merton. Ya shiga gidan ibada na Gethsemani a jihar Kentucky ta Amurka ranar 10 ga Disamban 1941, cikin ɗarikar Trappist, waɗanda a lokacin kusan ba sa magana sai da alamar hannu. Mu da ke zaune a wannan yanki mun saba ganin hoton Fada Tansi, mutumin Aguleri, a motoci da shaguna. To ɗarikarsu ɗaya, shi a Ingila ya yi zamansa daga 1950 har ya rasu a 1964. Merton ya shiga ne da niyyar binne marubucin da ke jikinsa, amma shugabansa ya ce ya ci gaba. A 1948 tarihin rayuwarsa ya fito, aka sayi dubban ɗaruruwan kwafi. Mutumin da ya gudu daga duniya sai ga wasiƙun duniya suna biyo shi har ɗaki. Shekara da shekaru yana kokawa da tambaya ɗaya: wannan rubutu don Allah ne, ko don a ce ya iya? Mu riya muke kiran wannan ciwo, kuma kowa ya san yadda take shiga ba sallama.

Ya rasu a ƙasar Thailand ranar 10 ga Disamban 1968, kuma ya bar sharaɗi kada a buga littattafansa na sirri sai bayan shekara 25. Da suka fara fitowa a 1995, juzu'i bakwai, sai ga fushinsa da shugabansa a ciki, har da son da ya kamu da shi na wata ma'aikaciyar jinya a 1966, yana da shekara 51 kuma yana cikin alkawarin rashin aure. Wasu sun ce abin kunya ne. Ni dai a ganina wannan ne ya sa na yarda da sauran abin da ya rubuta.

Dalilin da ya sa na kawo muku duk wannan shi ne abin da ya faru da ni bara. Akwai ɗan kawuna da na ɗauko daga gida yana taya ni tsaron tireda. Wani mako na yi lissafi na ga naira dubu arba'in ba su. Na yi masa tsawa a gaban masu ciniki, na kira shi da sunan da ba zan maimaita a nan ba, washegari na sa shi a mota. Magana ta yi tsami a dangi, barci ya ƙaurace mini. Sai na zaro littafi ɗaya daga kan kanta na ce bari in gwada abin Sista.

Shafi huɗu na cika a dare ɗaya. Da safe na karanta na ji daɗi, don ko'ina ni ne mai haƙuri, ni ne mai riƙon zumunci. Da ta zo na gaya mata. Ba ta nemi ta gani ba, sai ta ce, "Malam, wa kake so ya karanta?" Na yi shiru, domin na san amsar: kawu ne, da duk wanda ya zage ni a gida. Ta ce in yaga, in sake rubutawa ga Wanda yake wurin lokacin da abin ya faru, tun da shi ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Na biyun bai kai rabin shafi ba, amma ya ɗauke ni dare uku. A ciki ne abin da na tsallake ya fito. A wannan makon sau biyu na zari kuɗi a aljihun tebur ban rubuta ba, ɗaya na gyaran janareta, ɗaya na gudummawar biki. Da na haɗa, dubu ashirin da bakwai ne. Ba mantawa na yi gaba ɗaya ba, ƙin tunawa na yi. Sauran dubu goma sha ukun har yau ban san inda suka shiga ba, wataƙila shi ne, wataƙila kuskuren canji ne. Na kira kawu na faɗa masa, na kuma nemi yaron ya yafe mini. Ya ce ba komai, amma bai dawo ba. Yana Kano yana koyon gyaran waya, idan na kira mu gaisa a taƙaice ya ce yana da aiki.

Na taɓa tambayar Sista ina take tara tsofaffin littattafan, tun da a lissafina sun haura ɗari. Ta ce sau ɗaya a shekara sukan keɓe na kwana takwas ba magana. A nan take karanta na shekarar daga farko har ƙarshe, sannan ta kai su murhu. Na ce ba ta jin asara? Ta ce wanda aka rubuta wa ai ya riga ya karanta.

Yanzu yanar ido ta fara damunta, ta koma sayen bairo baƙi mai kauri, kuma littafi ɗaya ba ya kai mata wata. Ni kuma a bayan littafin bashina na ja layuka, aibin da na zaɓa shi ne tsawa. Makon farko ɗigo goma sha tara na ƙirga. Makon jiya shida ne, huɗu daga ciki ranar da aka kawo mini katan ɗin madara a jiƙe.