Mai Jifa Ya Tsaya A Jefe Shi

Ban taɓa riƙe kulkin besbol ba, ban kuma taɓa taka filin da ake yin wasan ba. Abin da ya haɗa ni da shi wani abokin zamana ne a ɗakin kwanan ɗalibai, wanda ya kira ni wani dare ya nuna mini hoton bidiyo a wayarsa. Wani ƙaton mutum ne mai teɓa, ana kiransa Bartolo Colón, ya maka wa ƙwallo kulki ta tashi sama ta ƙetare shingen fili, mai ba da labarin wasa ya yi ta ihu kamar zai shiɗe. Da na tambayi dalilin wannan murna, sai aka ce mini ai mutumin sana'arsa jifa ce, bai iya bugu ba, kuma sai da ya kai shekara 42 a duniya sannan ya yi irin wannan bugu na farko, ran 7 ga Mayu, 2016, a birnin San Diego. Tun daga ranar na shiga bin diddigin wata muhawara da Amurkawa suka shafe shekaru suna yi, watau shin mai jifa ya kamata ya ɗauki kulki da kansa, ko kuwa a wakilta wani ya buga masa?

Kafin mu yi nisa, ya kyautu mai karatu ya san yadda wasan yake. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum tara, ana kuma yin turmi tara. A kowane turmi ƙungiya ɗaya tana tsaron fili, ɗayar tana bugu, sa'an nan su yi musaya. Mai jifa yakan tsaya bisa ɗan tudu, ƙafa 60 da inci 6 daga mai bugu, ya wurgo ƙwallo da gudun da kan haura kilomita 150 a sa'a. In mai bugu ya same ta, sai ya ruga ya bi zango huɗu da aka jera, in ya komo inda ya tashi an ci ɗaya ke nan. A tsohuwar ƙa'ida duk wanda ya tsaya tsaron fili dole ya shiga layin bugu, har da mai jifa. Matsalar ita ce jifa sana'a ce mai cinye rayuwar mutum, saboda haka galibin masu jifa in sun ɗauki kulki abin tausayi suke zama. Gwanin bugu yakan yi nasara kamar sau uku cikin goma, su kuwa a shekarunsu na ƙarshe da kyar suke wuce sau ɗaya.

Koke a kan wannan ba sabo ba ne. Tun a 1906 Connie Mack, mai horar da wata ƙungiya ta Philadelphia, ya kawo shawarar a sauke wa mai jifa nauyin bugu, ba a karɓa ba. Abin ya zo wuya ne a 1968, shekarar da masu jifa suka danne masu bugu har Carl Yastrzemski ya zama zakaran bugu na rukunin American League da nasara 301 kacal cikin 1000. A 1969 aka rage tsawon tudun jifa daga inci 15 zuwa 10, duk da haka masu ƙungiyoyi ba su gamsu ba, domin 'yan kallo ci suke so su gani. Daga nan American League ta kafa dokar wakilin bugu a 1973: mutum na goma wanda ba ya tsaron fili, aikinsa kawai ya buga a gurbin mai jifa. Ron Blomberg na New York Yankees shi ne ya fara, ran 6 ga Afrilu, 1973, a birnin Boston. Ɗaya rukunin, National League, ya ƙi, ya tsaya a kan tsohon tsari kusan shekara hamsin. Ya gwada sabon a 2020 saboda annobar korona, ya koma gidan jiya a 2021, sa'an nan ya miƙa wuya baki ɗaya a 2022.

Hujjojin masu goyon bayan wakili ba abin rainawa ba ne. Na farko, sun ce wanda ya biya kuɗin kallo bai zo ganin mai jifa yana dukan iska ba. Na biyu, mai jifa dukiya ce mai tsada, bai kamata a jefa shi cikin hatsarin aikin da ba nasa ba. Alal misali, Chien-Ming Wang na Yankees ya ji rauni a ƙafa a 2008 yana gudu tsakanin zanguna, bai kuma sake komawa ganiyarsa ba. Adam Wainwright na St. Louis ya tsinke jijiyar dunduniya a 2015 garin fita daga wurin bugu, ya rasa kusan dukan kakar. Na uku, dokar ta tsawaita rayuwar wasa ta gwanayen bugu irin su Edgar Martínez da David Ortiz, waɗanda da sai sun yi tsaron fili kullum, da ƙila duniya ba ta more su haka ba. A taƙaice dai, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Da farko ni ma nan na karkata, kuma ba zan ɓoye dalili ba. Malamaina sun san cewa a fagen adabi ina iya ɗaga murya, amma da an shiga darasin tsarin sauti sai in zama kamar Colón riƙe da kulki. A shekarata ta biyu na faɗi jarrabawar wannan darasi, na maimaita shi tare da ƙannena, na sha kunyar da har yau ban manta ba. A lokacin, da akwai dokar da ta yarda in turo wakili ya zauna mini jarrabawa, da da gudu na sa hannu. Na riƙa ce wa kaina, me ya haɗa mai nazarin waƙa da naso da karin sauti?

To, amma fa maimaicin nan shi ya buɗe mini kunne. Sai da na san bambancin gaɓa mai nauyi da marar nauyi sannan na fahimci abin da ke riƙe da ma'aunin rubutacciyar waƙar Hausa, wanda a da nake yi wa sharhi da ka. Bugu da ƙari, na daina yi wa masu rauni a adabi dariya, domin na ɗanɗana tsayuwa inda ba ni da ƙarfi. Wannan ne ya sa na sake duban muhawarar Amurkawa da wani ido.

A tsohon tsari, mai jifan da ya auna haƙarƙarin wani da ƙwallo ya san cewa nan da ɗan lokaci shi ma zai tsaya a wurin, abokin hamayya na riƙe da irin wannan ƙwallo. Jiki magayi. A sabon tsari kuwa ya yi jifa ya koma inuwa, in za a rama sai a kan abokin wasansa. Haka nan mai horarwa ya kasance yana fuskantar zaɓi mai ɗaci: a turmi na bakwai, ana kunnen doki, layin bugu ya zo kan mai jifansa da ke wasa da kyau. In ya sa wani ya buga masa, to mai jifan ya fita daga wasan ke nan, ba dawowa. In ya bar shi, ƙila damar ci ta wuce. Dokar wakili ta share wannan tsaka mai wuya, ta share hikimar da ake nunawa a cikinta.

Za a ce mini ga Shohei Ohtani, ɗan Japan, wanda ya haɗa jifa da bugu a ƙarƙashin sabuwar doka, har aka gyara ƙa'ida a 2022 domin irinsa ya ci gaba da bugu bayan ya sauka daga tudu. Gaskiya ne, amma shi ɗaya ne tamkar da dubu, kamar yadda Babe Ruth ya fara da jifa a Boston kafin ya ƙetarar da ƙwallo shinge sau 714. Abin tambaya shi ne, yaron da aka hana kulki tun yana makaranta don an ce shi mai jifa ne, yaya za a gane ko akwai wani Ruth a cikinsa?

Na san bakin alƙalami ya bushe a manyan gasannin Amurka, kuma ra'ayin ɗalibin Hausa ba zai komo da abin da ya wuce ba. Duk da haka ina tare da tsohon tsari. Daƙiƙa talatin ɗin da Colón ya yi yana zagaya zanguna a hankali ba za a sake ganin irinsu ba, domin an daina barin marar gwaninta ya gwada. Mu kuwa a nan sashe har yanzu dokar wakili ba ta iso ba, ina kuma roƙon kada ta iso. Ɗan'uwa ɗalibi da ya ƙware wajen jifan masu gabatar da takarda da tambayoyi a taron ƙara wa juna sani, to ya shirya tasa takardar, ya fito gaban allo mu ma mu jefe shi.