Kabad Da Angarib A Wad Haddad

A shekarar 2019 Allah Ya nufe ni da ziyarar 'yan'uwa a Wad Haddad, garin da ke kan hanyar Madani zuwa Sinnar, a ƙasar Jazira ta Sudan. Hausawa sun daɗe a wannan yanki. Akasarinsu jikokin mahajjata ne da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma da guminsu aka noma audugar Jazira tun da aka gama dam ɗin Sinnar a 1925.

Na tarar mai masaukina yana shirin aurar da 'yarsa, sai na raka shi wurin kafinta. Amarya ta kafe sai kabad na katakon zamani, mai sheƙi kamar madubi. Tsohon kafintan ya miƙo mini guntun katakon, ya ce, "Ɗana, dubi bakinsa." Ashe ba itace ba ne sukutum. Ɓarɓashin itace ne ake busarwa a masana'anta, a fesa masa gam, a shimfiɗa, sannan injin ya matse shi da zafi mai tsanani har ya zama falanki. Akwai wani iri mai manyan ɓawo da ake jerawa hawa-hawa, wannan hawa a tsaye, wancan a gicciye. Shi ya fi ƙarfi, da shi ake rufin gidaje a Amurka. Na kabad mai ƙananan ƙwayoyi ne. Yana da araha, ga shi sumul, amma in ya sha ruwa sai ya kumbura, ba ya kuma komawa yadda yake. Ramin ƙusa kuwa, in ya saki ya saki ke nan.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, karan auduga ma ana yin irin wannan katako da shi. Amma shekara da shekaru dokar gonakin Jazira ita ce a tumɓuke karan a ƙone, don kashe cutar auduga.

Kafinta dai ya so a ƙara da angarib, gadon nan na Sudan mai ƙafafun bagaruwa da saƙar igiya. Aka sayi duka biyun.

Yaƙi ya ci Madani a Disamba 2023, jama'ar gidan suka yi gudun hijira. Da suka koma a 2025, mai masaukina ya aiko mini da saƙo cewa rufin ɗakin ya yi yoyo da damina, kabad ya kumbura ya zube. Angarib kuwa, igiya kawai suka sake masa.